Tambayi Bakanike: Motata mai gas tana kakarewa a Hawan Kibo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Bakanike. Allah Ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a Bukuru, ina da Marsandi bi-but doguwa mai shan gas, wato dizal, 250TD ƙirar 1991, giyar hannu. Ina sauka da dankalin turawa da kabeji zuwa Akwanga da Lafiya, in dawo da doya. Da safe bugu ɗaya take tashi, ko da a sanyin Disamba, kuma a miƙaƙƙiyar hanya ba ta da laifi. Amma kwanan nan duk sanda na kama Hawan Kibo sai ta fara da kyau, in na kai tsakiya ƙarfinta ya riƙa zagwanyewa, tana fizga. In sauko lamba uku, in sauko lamba biyu, totur a ƙasa, ita kuwa sai jan ciki. Ba ta hayaƙi, allurar zafi ba ta motsi. In na faka na kashe ta na minti biyar zuwa goma sai ta tashi garau, ta ɗan ƙara gaba kafin ta sake. Na lura abin ya fi tsanani in mai ya yi ƙasa da rabin tanki. An canza babbar filtar mai amma ba ta sake zani ba. Wani ya ce tobo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, shi ne ya mutu, wani ya ce a cire famfo a kai saiti, na ukun ya ce injin ya gaji sai obahol. Kuɗin da aka yanka mini ya kusa kuɗin motar. Me ka gani, Baba?
Mai karatu daga Bukuru, Jihar Filato

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Kada ka yarda a sauke wannan injin, kada kuma kowa ya kai sifana jikin babban famfon da ke tura wa injin mai. Daga abin da ka rubuto, mai ne ba ya isowa gaba a daidai lokacin da motar ta fi buƙatarsa, kuma irin wannan ciwo tsakanin tanki da famfo ake neman sa, da kuɗin da bai kai na ƙwaryar doya ɗaya ba.

Mu fara sallamar mai maganar tobo. A Marsandi na wancan zamani, T ɗin da ke jikin 250TD alamar doguwar mota ce mai ɗaukar kaya, wadda ke da tobo kuwa ana rubuta mata TURBO ɓaro-ɓaro a baya. Buɗe bonet ka duba da idonka. Abin da nake sa ran ka gani shi ne injin OM602 mai silinda biyar, lita 2.5, wanda ya fito da ƙarfin doki 90, daga 1989 aka ɗaga shi zuwa 94. Wanda ya ce tobonka ya mutu, ka ce ya nuna maka gawar.

Mai maganar obahol shi ya fi ba ni haushi, domin wasiƙarka da kanta ta wanke injin. Injin gas ba shi da fulogin da ke kunna wuta. Iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ranar da ringi da silinda suka cinye, matsin ya ragu, wurin da za ka fara ganin abin shi ne tashin safe: a yi ta murza makulli har batir ya sauka, a kira yaran unguwa su tura, in ta tashi kuma ta cika layi da farin hayaƙi mai yaji a ido. Kai kuwa ka ce bugu ɗaya take tashi a sanyin Bukuru na Disamba, sanyin da ke sa ruwan alwala ya gagari hannu. Gajiyayyen inji ba ya yin haka. Sannan injin da ya gaji tun daga gindin hawa yake nuna gajiyarsa, kuma hutun minti goma ba ya mayar masa da ƙarfen da ya cinye. Taka tana farawa da ƙarfinta, ta sare a tsakiya, ta huta ta farfaɗo. In kana son ƙarin natsuwa, ga gwajin da ba a biyan ko kwabo: bayan injin ya yi ɗumi yana kan silo, kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ka ɗora shi a bakin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, lafiya lau. In iska tana cilla shi sama, hayaƙi na bulbulowa, wannan kam sai ka sake rubuto mini.

Abin da ya sa ba ka ganin komai a miƙaƙƙiyar hanya lissafi ne. Motarka babu kaya ta kai wajen kilo 1,500. Ka zuba mata ƙwarya biyu ta doya, mu ce kowace doya kilo 3, ga ka, ga yaronka, ta kai kilo 2,200 ko fiye. A shimfiɗaɗɗen titi, tana gudun kilomita 60 a awa, abin da take nema bai kai ƙarfin doki 10 ba. Ka kai ta hawan da ke tashi mita 8 a kowace mita 100 da wannan gudun, sai buƙatar ta koma kusan doki 50. Ninki biyar ke nan, man da za ta ƙona ma haka zai ninku. Hanyar man da ta toshe rabi za ta iya ciyar da doki 10 shekara guda ba ka sani ba, ranar da aka ce ta ciyar da 50 sai asirinta ya tonu.

Akwai kuma wani abu da nake so ka sa a ranka don kada ka ɗora wa motar laifin da ba nata ba. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma inji marar tobo yana asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da ya hau, saboda iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Dokinka 94, in ka iso kan tudu, sun koma wajen 83, shi ma lissafin sabon inji ke nan. Ko bayan ta warke, 250TD mai lodin doya ba za ta hau Hawan Kibo a lamba huɗu ba, ba a ƙera ta don haka ba. Ƙarfin jan wannan injin yana cika ne a wajen juyi 2,800 a minti, saboda haka ka sauko giya tun tana da numfashi. Direbobinmu da yawa sukan bari sai mota ta fara karkarwa sannan su sauko, wai suna tattalin mai. Baƙin hayaƙi da zafi kawai suke tarawa.

To yanzu ga ciwon naka. A ƙasan tankin motarka, daidai inda mai ke fita, akwai rariya mai kama da ɗan yatsa, an ɗaure ta daga waje. Yawancin makanikai ba su taɓa ganinta ba, domin babu mai son kwanciya a ƙarƙashin mota gas na zubo masa a hammata. Gas yana tara ruwa, daga raɓar da ke taruwa a bangon tanki da kuma wanda ake sayar maka da shi, ruwan ya kwanta a ƙasa. A inda ruwa da mai suka haɗu wasu ƙananan halittu suke rayuwa, su bar wani baƙin yauƙi mai santsi. Ka haɗa da tsatsa da ƙurar shekara talatin da ɗoriya. Abin da ke faruwa a hawa daidai yake da mai shan fura da bututu: in ya zuƙa a hankali ta wuce, in ya zuƙa da ƙarfi gudaji ya manne a bakin bututun, in ya saki gudajin ya faɗa ƙasa. Ka sauko giya, rezin ya tashi, ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki ya ƙara zuƙa, yauƙin ya lulluɓe rariyar. Ka kashe mota, zuƙar ta tsaya, dattin ya saki, ta tashi garau. Shi ne hutun minti goman da ka ba ni labari.

Maganar rabin tanki ma ta shiga nan. A hawa hancin mota yana sama, tanki yana baya a ƙasa, famfo yana jawo mai daga nesa kuma daga ƙasa. Cikakken tanki yana taimaka masa da nauyin man. Da man ya ragu, taimakon ya ragu, dattin kuma ya taru a ɗan man da ya saura.

Kafin ka kwanta a ƙarƙashinta, fara da abin da za ka yi a tsaye. Ka ce an canza babbar filta, ba ka ambaci ƙaramar ba. A gefen injin, kafin ƙaramin famfo, akwai wata 'yar filtar roba da ake ganin cikinta, ba ta fi babban yatsa ba. Haska ta da tocila. In cikinta ya yi baƙi ko ka ga laka ta kwanta, ka sami shaidar farko, domin abin da ke cikinta daga tanki ya zo. 'Yar iskar da ke tsaye a samanta ba laifi ba ce, haka suke. Abin dubawa shi ne jerin kumfa da ke gudu cikin man in an ba ta rezin.

Ranar da ta sake kakarewa a hawa, da ka faka ka je ka kwance murfin tanki kana saurare. In ka ji ta ja iska ciki da ƙarfi, fuuu, to hanyar numfashin tankin ce ta toshe. Tanki yana da siririn bututu a ƙarƙashi da ke shigar da iska a madadin man da ya fita. Laka tana toshe shi, na kuma sha ganin zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki a motar da ta daɗe a fake. Ka bar murfin a sassauce ka ƙarasa hawan. In ta hau ba gardama, gyaranka ya ƙare a kan guntun waya da iskar mai faci.

Tun da zancen fakawa ya zo: Hawan Kibo ba wurin wasa ba ne, tireloli na saukowa da birki mai zafi. Ka fita daga kwalta gaba ɗaya, yaronka ya sa weji a bayan taya, in za ku tashi kuma ya kwashe duwatsun daga hanya, kada su zama ajalin mai babur da dare. Ka sani kuma in injin ya mutu kana tafiya, birkin zai ba ka taku ɗaya ko biyu masu laushi ne kawai kafin ya ƙage, sitiyari ma ya yi tauri. Kada ka jira ta mutu da kanta, da ta fara fizga ka nemi wurin tsayawa.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na jarka. Ka sami jarka mai tsabta mai cin lita 5, ka cika ta da gas mai kyau. A zare tiyon da ya zo daga tanki a bakin ƙaramar filta, a toshe shi, a sa sabon tiyo daga filtar zuwa cikin jarkar. Tiyon da ke mayar da ragowar mai tanki shi ma a juyo shi cikin jarkar, in ba haka ba kafin ka yi nisa famfo ya kwashe man jarkar ya tura shi baya, ka tsaya kana mamaki. A ɗaure jarkar da kyau nesa da salansa. Ba sai ka je Hawan Kibo ba, kowane dogon hawa a kusa da gida ya isa, in dai da lodi. In ta hau da ƙarfinta har ƙarshe, magana ta ƙare: injin lafiya, famfo lafiya, nozul lafiya, ciwon yana baya. Wannan gwaji na rabin yini ya hana a sauke injuna da dama a garejina.

Daga nan sai aikin ƙazanta. A bari mai ya yi ƙasa, a tsiyaye sauran a roba, a kwance rariyar da soket mai lamba 46. Wasu za su ce ba sai an kwance ba, a hura iska ta tiyo ta koma tanki. Iskar tana ture dattin, motar ta yi sati ɗaya ko biyu tana gudu, sannan ya dawo mazauninsa. A matsayin gwaji na yarda da ita, da sharaɗin a cire murfin tanki tukuna don kada iskar ta kumbura shi. A matsayin gyara kuwa, cin kuɗinka ne. In rariyar ta fito baƙa ƙirin da yauƙi, a sauke tankin gaba ɗaya a wanke, a shanya ya bushe sarai. A sa sabuwar rariya in an samu, in ba a samu ba a wanke tsohuwar da buroshi har ka ga haske ta cikinta, a canza robar bakinta. Kada ka yarda a fasa ta ko a jefar wai don mai ya wuce, duk abin da take tarewa famfonka zai tafi.

In rariyar ta fito fes, to iska ce ke shiga layin. Wannan yana ruɗa mutane, domin suna neman inda mai ke ɗiga su rasa. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo zuƙa ake yi, saboda haka ƙaramar ɓula ba ta zubar da mai, iska take sha. Wuraren da nake fara dubawa a irin motarka: guntun tiyon roba da ke bakin tanki, wanda yakan tsattsage ta ƙarƙashin kilif, fayif ɗin ƙarfe da ya bi ƙarƙashin mota, musamman inda robobi suka riƙe shi, domin motocin da suka zo ta Kwatano sun sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, kuma a nan tsatsa ke ɓuya, sai robobin dogon notin da ke riƙe babbar filta, waɗanda ake canza filta sau goma ba a canza su ba. Akwai kuma wata 'yar na'ura a gefen injin da ke ɗumama gas don ƙasashen sanyi. Robar cikinta in ta tsufa tana shan iska, kuma sanyin Filato bai kai ya daskarar da gas ba, saboda haka in ita ce ana iya tsallake ta da tiyo kai tsaye. Don ka kama ɓarawon, sa guntun tiyo mai garai-garai a layin ka riƙa matsar da shi daga gaba zuwa baya. Inda kumfa ta daina bayyana, ɓular tana gabansa.

In an gama, a canza filta biyun tare. Wannan injin ba shi da famfon hannu irin na tsofaffin 240D, da kansa yake fitar da iska. A cika babbar filta da gas mai tsabta kafin a ɗaura, a murza makulli na daƙiƙa 15, a huta, a sake, don kada kik ya ƙone. Ka sayi ƙaramar filta biyu ka ajiye a mota da sukundireba, domin ragowar datti zai ci gaba da zuwa na ɗan lokaci.

Sai idan gwajin jarka bai canza komai ba ne za mu matsa gaba, shi ma ba babban famfo za a fara taɓawa ba. Ƙaramin famfon da ke manne a jikinsa, wanda muke kira fida famfo, yana da bawuloli biyu da ke gajiya, akwai kuma wani noti mai sifirin a ciki a inda mai ke komawa tanki, shi ke riƙe matsin mai a cikin famfo. Duka biyun ana canza su famfo na jikin mota. Ka kuma sa yaronka ya take totur har ƙasa, mota a kashe, kai kana kallon hannun famfo: ya kai maƙurarsa ko da saura? Sandunan totur na Marsandi suna sakin jiki da tsufa, wani lokacin ma kafet ne ya dunƙule a ƙarƙashin feda. In har aka kai ga nozul, a gwada su a gabanka, ya kamata su buɗe in matsin mai ya kai wajen bar 115 (bar shi ne ma'aunin matsi) su yi feshi, ba tsiyaya ba. Mai son yi maka obahol kuwa ya kawo geji ya auna matsin silinda biyar ɗin ka gani: sabon inji yana ba da bar 26 zuwa 32, ƙasa da 18 ya gaji, kuma kada bambancin wata da wata ya wuce 3. Wanda ya ce ya gane gajiyar inji da kunne kawai, ka gode masa ka tafi.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: za a sami wanda zai ce bari ya ƙara mata mai a famfo ta ji ƙarfi. Ka ƙi. Kan silindar OM602 na alminiyam ne, ba ya yafe zafi. Gas ɗin jarka na bakin hanya kuma, in dole ta sa ka saya, zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye na ɗan lokaci. Ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi, in an sirka da kananzir kuma hancinka zai gaya maka. Ni na fi son gidan man da manyan motoci ke layi, domin mansu ba ya kwana a rijiya.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Sharan ce gare ni mai gas, 1.9 TDI ƙirar 1999, ina jigilar fasinja daga Jalingo zuwa Gembu. Da na wuce Mayo Selbe na kama hawan Mambila, ina cikin ja sai ƙarfin ya yanke lokaci ɗaya, ta koma tafiyar kura. In na kashe na kunna, ko minti ɗaya ban yi ba, sai ta dawo daidai. An ce in sayi sabon tobo.
Mai karatu daga Jalingo, Jihar Taraba

AMSA: Ɗana, taka ta yi kama da ta Alhajin Bukuru a ido, amma ba dangi ba ne. Tasa a hankali take sarewa kuma sai ta huta, taka yankewa take yi farat ɗaya, makulli kawai ke dawo da ita. Datti ba ya jin makulli. Kwamfutar motar ce, wadda kuke kira biren bokis, ta ga iskar tobo ta saɓa wa abin da ta nema, sai ta rage mai don ta kare injin. Da ka kashe ka kunna ta manta, sai hawa na gaba.

In injinka mai doki 110 ne, tobonsa yana da wasu ƙananan fukafukai a ciki da ke buɗewa da rufewa. Baƙin toka na hayaƙi yana ƙage su, musamman a motar da ke yawan tsayawa a tasha tana silo ana jiran fasinja. Sun ƙage a rufe, ka taka a hawa, iska ta yi yawa, kwamfuta ta yanke. Ka kai ta a sa mata na'ura a karanta, kada a goge kafin ka rubuta lambar da ta fito. In ka ga P1557 ko 00575, muna kan hanya. Daga nan a bi siraran tiyoyin iska da suka tashi daga bawul ɗin N75, wanda ke sarrafa tobon, zuwa tobo ɗaya bayan ɗaya, domin a motar da ta kai wannan shekaru sukan goge su ɓule, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A zuƙi tiyon da ke zuwa gwangwanin tobo a ga ko sandar tana tafiya sumul wajen santimita ɗaya ta dawo. In tana cijewa, a sauke tobon a buɗe ɓangaren hayaƙi a kankare tokar. Muddin sandar tsakiyarsa ba ta girgiɗi kuma ba ya zubar da baƙin mai, wankewa ta wadatar.

Tun da an buɗe, a leƙa bututun da ke kai iska injin ta wajen bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin. A waɗannan injuna nakan tarar da hanyar da ya kamata hannu ya shiga ta koma ta ɗan yatsa saboda kwalta. A cire shi daga jikin mota kafin a kankare, kada ɓarɓashi ya faɗa cikin silinda.

TAMBAYA: Muna gaisuwa, Baba. Hilux ce tawa mai injin 2.8, ina ɗaukar albasa a yankin Tawa. In na kama hawan duwatsun Adar da kaya sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, allurar zafi ta haye. Mai gyarana ya cire tamostat ya kuma ƙara gazwal a famfo, abin sai ƙaruwa yake.
Mai karatu daga Tawa, Jamhuriyar Nijar

AMSA: Muna amsawa, Malam. Baƙin hayaƙi mai ne da bai sami iskar da zai ƙone da ita ba, mai gyaranka kuwa man ya ƙara. A fara mayar da sukurun famfo inda yake, a wurin mai saitin famfo na gaske. Sannan zaro filtar iska ka ɗaga ta saitin rana. In haske ba ya ratsa takardar, ta gama aiki, kuma buga ta a jikin taya ko wanke ta da ruwa yaga ta yake yi, ƙurar Adar ta wuce kai tsaye ta cinye ringi. A irin hanyarku wannan filta ba ta jiran lokacin canza baƙin mai.

A mayar da tamostat, cire shi bai taɓa warkar da zafin hawa ba. Abin da nake zargi shi ne kulocin fanka: in injin ya yi zafi ka kashe, juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka babu turjiya, man cikinta ya ƙare, a hawa ba ta jan iska. Ka haska lagireto ta baya da tocila ka ga yawan ƙaiƙayi da laka da suka toshe shi, a wanke daga ciki zuwa waje, a canza murfinsa. Bayan haka, da safe injin da sanyi, cika lagireto har baki, bar murfin a buɗe ka tayar. In kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, gaskit ya ƙone ko kan silinda ya tsage, kuma kada ka sake ɗora mata buhu ko ɗaya sai an buɗe an duba.